Rabin Murya

Ɗan Mannir ne ya kawo shi bayan la'asar,
faifai guda cikin leda. Ya durƙusa ya ce,
"Baba Sada, ga rayuwarku."
Na auna shi a tafin hannu. Bai kai goro biyu ba.

A bangon, mu ne a saba'in da tara:
wando mai faɗin ƙafa, suma kamar kwando,
Mannir ya ƙanƙame jita kamar za a ƙwace,
ni na zare ido,
don mai hoton Rafin Daɗi ya ce ƙiftawa asara ce.

Waƙa ashirin. Shekara ashirin da shida.
Wani yaro a Kaduna ya jera su, ya wanke su tas,
ya cire ƙugin janareta,
ya cire kukan akuyar maƙwabta a waƙa ta biyu.
Akuyar nan, wallahi, ta fi mai gangarmu sanin kiɗa.

Ta uku da yunwa muka yi ta.
Ta huɗu ta saya mini babur.
Ta biyar kuwa, ita aka yi ta sawa a gidajen biki
daga Ƙofar Marusa har Maraɗi,
har na ƙosa da ita.
Waɗanda suka yi amarci da ita yau jikoki suke goyo,
su tare ni a kasuwa su rera amshin a karkace.
Ba na gyara musu. Tasu ce yanzu.

Shi ne sama, ni ne ƙasa.
Muryarsa ta haura kamar shirwa bisa Gobarau,
tawa ta zauna a gindi ta riƙe ginin.
Shirwa ake tafa wa.
Wa ya taɓa yi wa harsashi guɗa?

Tsakanin ta sha ɗaya da ta sha biyu
akwai shiru na daƙiƙa biyu.
Shekara shida ce a ciki.
Naira ɗari huɗu ta wani wasa a Jibiya,
da wata magana da na faɗa wadda ba ta da amshi.
Sahu ɗaya muke ran Juma'a,
a sallame, kowa ya nemi takalminsa.
Faifan bai san wannan ba,
ya tsallake kamar yaro da kwata.

Wadda na fi so ba ta ciki.
Wai ba ta sayu ba.
Ta wani direba ce a tasha, yana jiran mutum ɗaya mota ta cika,
har rana ta faɗi.
Mannir ya ce ba a rawa da jira.
Yana da gaskiya. Har yau ina jin haushi.

A ta ƙarshe ƙirjinsa ya riga ya fara.
Akwai wurin da numfashi ya yanke masa,
na shigo da wuri na rufe.
Masana sun ce salo ne.
Ni da shi da likitan babban asibiti muka san salon.

Akwatin shagona nan Ƙofar Ƙaura
lasifika ɗaya ta mutu tun bara,
ashe ta ɓangarena ce.
Sai ga Mannir shi kaɗai tsakanin batura da ƙwayayen lantarki,
yana kaiwa gaɓa, ya dakata, ya bar mini wuri
kamar yadda ya saba.
Sau biyu na ƙyale shi.
A na uku na buɗe baki, haƙora shida suka rage,
na shiga.

Mai sayen fitila ya tsaya da kuɗi a hannu.
Ban kula shi ba sai da muka sauka tare.

Aka kira magariba, na kashe.
Yaron ya ce, "Baba, ya yi?"
Na ɗauki buta. Na ce, "Ya yi.
Amma in za ku sake bugawa,
ku mayar da akuyar."